Ƙararrawar Keke a Bakin Kududdufi

Duk wanda ya yi wayo a birnin Kano kafin kuɗin Udoji su cika tituna da babura, na san kunnensa bai manta da wata ƙara ba: ƙararrawar keke da sanyin safiya, tana tahowa ta bayan mutum a kan 'yar turbar da ta bi gindin badala ta gangara bakin kududdufi, a kaɗa ta sau ɗaya tun daga nesa, a sake kaɗawa in an matso, sannan a biyo ta da sallama. Mai tafiya a ƙasa ba ya ko waiwayawa. Sai ya ɗan raɓe, ya amsa sallamar, mai keke ya wuce yana cewa “sannunku,” a bi shi da “a sauka lafiya.” Na fi shekara ban ji wannan ƙararrawa a unguwarmu ba. Hon nake ji.

Ku yaran yanzu da kuka tarar da kududdufi ya zama juji, ku tsaya ku ji yadda aka same shi. Birnin nan da ƙasa aka gina shi. Ganuwar da tarihi ya ce Sarki Gijimasu ne ya aza harsashinta sama da shekara 800 da suka wuce, da gidajen sarauta, da zaurukan malamai, da soron kakanninku, duk a nan kusa aka haƙo ƙasar da aka kwaɓa aka yi tubalinsu. Inda aka haƙa ya zama rami, damina ta zo ta cika shi, ruwan lunguna ya sami wurin kwana. Kusan kowace unguwa da nata kududdufin, kuma manyan cikinsu, irin waɗanda suka jeru a bayan badala daga Ƙofar Ɗan Agundi zuwa Na'isa har Gadon Ƙaya, ko da bazara ba sa rasa ruwa.

Turbar da ta bi bakin ruwan ba wanda ya auna ta, ba wanda ya fitar mata da ko kwabo. Ƙafa ce ta fitar da ita, ƙafar masu wanki da ke sauka da ƙunshin kaya a ka, da ta almajirai, da ta 'yan talla, da kofaton jakunan da ke jigilar ƙasa da taki, daga baya tayar keke ta zo ta bi sawunsu ta murje ta har ta yi sumul kamar daɓen ɗaki. Faɗinta bai wuce mutum biyu su gifta juna ba. In ruwa ya hau da damina ya cinye ta, sai ta ja da baya ta koma tudu, in ya janye ta dawo inda take.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, yana da wani baƙin Raleigh ɗan Ingila, mai tambarin kan zalɓe a goshi, wanda yake gogewa da tsumma kowace safiya kafin ya karya kumallo. Ranar Juma'a da la'asar yakan ninke tsohon zane a kan kariya, ya ɗaga ni ya ɗora, ya ce, “Ware ƙafarka, kada taya ta kama maka dunduniya,” ya tattare babbar riga a kafaɗa, ya naɗe ƙafar wando saboda sarƙa, mu kama hanyar Ɗorayi gaida kakata. Daga kan kariyar nan na fara ganin duniya: kainuwa ta shimfiɗu a kan ruwa kore shar, furen bado ya buɗe a tsakiya inda hannu ba ya kaiwa, belbela na takawa a hankali a gefe, yara sun tsuguna da fatsa suna jiran tarwaɗa, masu wanki sun shanya fararen riguna a kan ciyawa har ido ba ya iya kallonsu don haske, ga badala a gefe ja wur da rana ta karkata. Wata rana muka tarar da wata tsohuwa a gabanmu, da ƙwaryar fura a ka, tana tafe a tsakiyar turba. Ya kaɗa ƙararrawa, ba ta ji ba. Ya ce, “Gafara dai, Iya.” Ba ta ji ba. Sai ya sauke ƙafa, muka bi bayanta a hankali, yana tura keken da ƙafa ɗaya, har muka kai inda turbar ta buɗe, ya gaishe ta, ta sa mana albarka, muka wuce. Na ce, “Baba, me ya sa ba ka ƙara kaɗawa ba?” Ya ce, “Izini ake nema da ita, kuma na nema.” In kuwa wani malami muka hango, tun daga nesa yake dira, ni ma ya sauke ni, mu durƙusa, ya ce, “Allah Ya gafarta Malam,” sai Malam ya yi nisa mu sake hawa.

Na je daidai wurin bara. Jerin shaguna ne da wurin wankin mota.

A watan Afrilun 1972, da ƙasar nan ta koma tuƙi ta hannun dama, sai da aka yi ta shela a rediyo ana wayar da kan direbobi. Turbar bakin ruwa ba ta san an yi ba, domin dokarta ba ta dama da hagu ba ce. Mai kaya a ka shi ke da hanya, sai tsoho, sai mace mai goyo, sai makaho da ɗan jagoransa. Mai keke ne na ƙarshe, kuma bai ɗauki wannan a matsayin ƙasƙanci ba, tunda ya san shi ne mai sauri kuma shi ne mai birki.

Keke kuwa a lokacin ba abin rainawa ba ne. Malamin makaranta a kansa yake zuwa aji, akawu da masinja da ɗan kasuwar Kurmi haka, kuma in gari ya waye ka tsaya a hanyar Bompai sai ka ga ma'aikatan kamfanoni sun taho garke-garke, kwanon abinci ɗaure a kariya. Har masana'antar Raleigh aka kafa a nan Kano, daga baya Phoenix ɗan Sin ya shigo da araha. Saurayi yakan naɗe jikin kekensa da leda mai launi don kada fenti ya ƙuje, ya sa madubi biyu, ya sa fitilar da ke samun wuta daga juyawar taya. Akwai lasin keke da ake yanka a wurin hukuma a maƙala. Mu yara kuwa sai haya, taro ko sisi, mai haya na zaune da agogo a hannu, kai kuma ka zura ƙafa ta ƙarƙashin sandar keken tunda ba ka isa sirdi ba, ka yi ta karkacewa kana faɗuwa. A bakin kududdufi akasarinmu muka koya, don a can ne ƙasa ke da laushi kuma mota ba ta zuwa. A kowace kwana akwai mai faci da kwanon ruwansa yana neman inda iska ke fita. Jikana yana da shekara 9, an saya masa keke, a tsakar gida yake zagayawa da shi tsakanin rijiya da madafa.

Ba zan ce muku kududdufi aljanna ba ne. Sauronsa ya kwantar da mu da zazzaɓi ba adadi. Da yawa cikin sa'o'ina sun yi fitsarin jini saboda wanka a ciki, har wasu suka ɗauka alamar girma ce, alhali tsargiya ce. Kusan duk damina sai an ji ruwa ya ci yaro, kuma har yau ina tuna kukan wata uwa a bakin ruwan da aka yini ana lalube. Da mutane suka yi yawa, aka karkato da kwatoci da shara ciki, wari ya kori masu wanki. Wanda ya fara cewa a cike kududdufi yana da hujjarsa. Abin da ban yafe mana ba shi ne, magani ɗaya tak muka sani, wato a zuba shara da ƙasa a yanka filoti. Ba mu taɓa zama mun ce a yashe wannan, a tsare bakinsa, a bar wa mutane turbarsu ba.

Har manyan ruwayen ma haka muka yi da su. Audu Bako, wanda ya mulki jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya bar mana ruwa irin wanda kakanninmu ba su taɓa gani ba. Aka yi madatsar Bagauda da otal a bakinta, aka gama ta Tiga a 1974, ruwanta ya gangara ya raya noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure. Ranar da makarantarmu ta kai mu Bagauda a motar haya, na tsaya a bakin ruwan na rasa ta cewa, ni da duk ruwan da na sani bai wuce a jefa dutse ya tsallake ba. Iska na kaɗawa, masunta na can a kwalekwale, ga mutanen ƙauyukan kewaye na bin gaɓa a kan kekunansu da buhun kaya, sun fitar da tasu turbar kamar yadda muka fitar da tamu. An yi titin mota har ƙofar otal. Hanyar da za ta zagaye ruwan don mai keke da mai ƙafa ba ta zo a lissafin kowa ba, har da mu, don a lokacin gani muke keke abu ne da ake haƙuri da shi kafin Allah Ya hore babur. Madatsar Bagauda ta ɓalle a watan Agustan 1988, aka yi asarar rayuka da gidaje. Inda otal ɗin yake yanzu makarantar horar da lauyoyi ce.

Sauran labarin kun san shi. Babur ya zo, acaɓa ta biyo baya, aka hana ɗaukar fasinja a babur a Kano a watan Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, A Daidaita Sahu ta mamaye gari. Aka faɗaɗa tituna, har tsohuwar Ƙofar Na'isa aka rushe a 2010 aka sake gina ta don mota ta sami wuri. Aka yi gadojin sama da na ƙasa. Duk wannan aiki ne, ban raina shi ba, amma wanda ke tafe da ƙafarsa ko da kekensa sai dai ya raɓa tsakanin kwata da ƙarfe. Kududdufan kuma aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka cike. Ruwan sama bai san an sayar da makwancinsa ba. In an yi mamako, cikin ɗakunan mutane yake kwana.

Abin da ya tayar mini da wannan tsohon miki wani ɗan bidiyo ne da ɗan ƙanena da ke karatu a Amurka ya turo mini ta waya. Yana kan keke a birnin Shikago, ruwa a gefe ɗaya har iyakar gani, dogayen benaye a ɗaya gefen, shi kuma yana bin wata shimfiɗaɗɗiyar hanya wadda ba mota ko ɗaya a kanta, can kusa da ruwa ga wata daban ta masu tafiya a ƙasa, har da wata dattijuwa da sandarta. Ya ce, “Baba, kusan kilomita 30 ce, duk a bakin tafkin Mishigan.” Na maimaita kallon ya fi sau biyar, sannan na shiga bin diddigin yadda suka same ta, domin na san irin wannan fili a tsakiyar babban birni ba ya tsira da kansa.

Ashe tun 1836, lokacin garin bai fi ƙauye ba, jami'an da ke yanka filaye don sayarwa suka ware wani yanki na bakin tafkin, suka rubuta a kan taswira cewa filin jama'a ne, zai zauna a buɗe har abada, ba gini. Rubutun bai hana masu kwaɗayi ba. Layin dogo ya bi ta wurin, aka kakkafa rumfuna, aka mai da wani sashe juji. A 1890 wani attajiri mai suna Montgomery Ward, wanda ofishinsa ke kallon wurin, ya kai hukumar birnin ƙara, ya shafe wajen shekara 20 yana shari'a da kuɗin aljihunsa, har da hana a gina babban gidan tarihi a filin, jaridu na zaginsa suna cewa ya tare wa gari ci gaba. Kotu ta ba shi gaskiya, kuma hujjarsa ita ce wancan rubutu. A 1909 tsarin birnin da Daniel Burnham ya jagoranta ya ƙara jaddada cewa bakin ruwa na jama'a ne. Su ma sun yi ciko, har da ɓaraguzan babbar gobarar 1871 suka tura cikin ruwa, sai dai filin da cikon ya haifar wurin shan iska aka yi da shi. A 1963 magajin garin, Richard Daley, ya ayyana hanyar bakin tafkin a matsayin ta kekuna.

Wani abin da ya fi jan hankalina shi ne, su ma sun kai inda ladabi kaɗai ya kasa. Mai tafiya a ƙasa bai fi ya yi kilomita 5 a awa ba, mai keke yana ninka wannan sau uku ko huɗu ba tare da ya yi gumi ba, ga masu gudun motsa jiki, ga masu tura jarirai, ga baƙi da ke tsayawa tsakiyar hanya ɗaukar hoto. Da jama'a suka yi yawa sai karo ya yawaita, kowane ɓangare na ganin laifin ɗaya. Ba su kori kowa ba. Wani attajirin garin, Ken Griffin, wanda shi ma mahayin keke ne, ya ba da dala miliyan 12, aka raba hanyar gida biyu, aka gama a ƙarshen 2018. A wani maƙoshi kusa da inda kogin garin ya haɗu da tafkin, inda masu keke da masu ƙafa ke cakuɗuwa da motoci, sai da aka yi musu gadar sama tasu ta kansu, aikin da aka fara a 2014 bai kammala ba sai 2021, ya ci kimanin dala miliyan 64. Mutanen garin sun yi ta ƙorafin jinkiri da tsada, amma gadar tana nan ana hawa.

Ba kuɗinsu nake wa sha'awa ba, don ba mu da irinsa kuma turbarmu ba ta buƙatar sa. Layin nan guda da aka rubuta a taswira nake wa. Mu muna da ruwan, muna da keken, muna da ladabin raba hanya da ya fi nasu, amma duk a ƙafa da ƙwaƙwalwa muka ajiye su. Ranar da mai awo ya zo da igiyarsa, ya duba takarda, bai ga turba ba, bai ga kududdufi ba, fili ya gani. Dattawan unguwa sun san jakin wa ke bi ta nan tun zamanin Sarki Alhaji, amma ba a karɓar wannan a ofis.

Ga shi kuma keken ya dawo, ba don mun gayyato shi ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000. Mutane suka shiga zaure suka jawo tsofaffin kekuna suka kai wa mai gyara. Ina ganinsu da safe, magidanta da furfura, da ɗalibai, suna kutsawa tsakanin tirela da A Daidaita Sahu, ba mai jin ƙararrawarsu. Ni ma na gwada. Ban yi sati biyu ba wani mai mota ya goge ni na faɗa bakin kwata, bai tsaya ba, 'ya'yana suka ɗauke keken suka kulle. Na tuna Ojo Maduekwe, ministan sufurin da ya riƙa kiran mutane su hau keke a 2001, har wata bas ta ture shi cikin rami a Abuja. An yi masa dariya a lokacin. Gaskiya ya faɗa, hanyar ce babu.

Ruwan da ya rage mana bai ƙare ba. Akwai sauran kududdufai a birni da ba a kai ga cike su ba, akwai Tiga, akwai Bagauda, akwai Challawa da Watari, kuma garuruwan da ke kusa da su girma suke yi kullum, masu filoti na tafe. Aikin farko ba ya cin siminti: a auna iyakar inda ruwa ke kaiwa a damina mafi ƙarfi, a ƙara wani fili a bayansa, a rubuta a taswirar hukuma cewa na jama'a ne, a kafa duwatsun shaida. Kafin a ja layi a zauna da masunta, da masu lambu, da makiyayan da ke da mashaya a wurin, domin hanyar da ta toshe wa shanu ruwa ba za ta shekara ba. Faɗin mita 3 ya ishi keke biyu su gifta juna, ya bar wa mai ƙafa wuri, kuma ko jar tsakuwa aka daɓe da kyau aka yi mata magudana za ta yi aiki kafin a sami kuɗin kwalta. A dasa darbejiya don inuwa. A kafa turaku a mashiga yadda mota da A Daidaita Sahu ba za su shiga ba, a sa masu unguwa da 'yan sintiri su tsare ta daga babur, in ba haka ba cikin wata guda ta zama titi. A ware wa mai shayi da mai faci wurinsu a gefe tun farko, tunda ko an hana su za su zo, kuma zamansu ne zai sa mace da yaro su bi ta da magariba ba fargaba. Inda jama'a suka yi yawa, a bar filin da za a raba ta biyu nan gaba, kada a jira sai an fara karya ƙafafu.

Ku sa'o'ina da kuka koyi keke a bakin ruwa, yawancinmu mun haura 60, kuma mu kaɗai muka rage da muka san inda turbobin nan suka bi. Ku kama hannun jikokinku ku kai su, ku nuna musu ko da shago ne a wurin yanzu. Ku kuma 'ya'yanmu da kuka karanta awon ƙasa da tsara birane, kuke zaune a ofisoshin da ake buga hatimi, don Allah in taswirar wani bakin ruwa ta zo teburinku, ku ja wannan layin kafin a yanka filotin farko.